Fim Ɗin da Na Ajiye wa Baƙi

Tun zuwana Jidda fargabata ɗaya, kada maƙwabtana haifaffun unguwar Kurayyat su ce min 'yar ƙauye. Da mijina, baban Walid, ya haɗa mana tashar fina-finai ta kuɗi, na ce yau zan fita kunya. Fim ya ɗauko daɗi, sai na kashe talabijin don ya jira, kamar kaset. Na gayyato su bayan la'asar.

"Yalla, kunna," in ji Khala Maryam, babbarsu.

Na kunna ina taƙama. Sai ga wasu Turawa suna sumbatar juna, ɗana Walid ya zuba ido.

"Ya binti, 'yata, wannan kika ajiye mana?" in ji Khala Maryam.

Har yau da yamma sai ta leƙo: "Umm Walid, kashe rana ta jira, shanyata ba ta bushe ba."

Don Allah in kun gamu da ita, kada ku ja ta da hira.