Allo Biyu, Gemu Ɗaya

Ni da bakina na ce kada a kira kowa, zan haɗa da kaina. Surukaina za su zo gidanmu a Nassarawa GRA kallon hotunan sunan ɗanmu, sai na ja doguwar waya daga kwamfutar ɗakina zuwa wani babban allo a falo. Har lacca na yi wa matata: kwamfuta ɗaya, allo biyu, kowanne da harkarsa.

Da suka zauna na sa musu hotuna, na koma ɗaki na buɗe abin da ya dame ni, wato bidiyon yadda ake rina gemu ba a gane ba. Ni da kullum nake bugun ƙirji cewa a gidanmu ba ma furfura da wuri.

Ina jin takun matata na ja bidiyon gefe da sauri har ya ɓace. Na ɗauka na ɓoye shi. Ashe falo na tura shi, ya hau kan hoton jariri.

Falo ya yi tsit. Na leƙa, na ga surukina Alhaji, da gemunsa fari fat, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Ƙanwar matata kuwa, da ita ma tana falon ranar, har yau in ta zo, sai ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Yaya, ina wuni? Ya gemu, ya bushe?"