Biran Gwamnati a Gonar Yamusa

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba: na biya kuɗi don in ga biri. Ni ɗin nan da na tashi a ƙauyen Zariya ina jifan su da hoge a gonar babanmu. Laifin rediyo ne. Tun da aka ciccibo kujerar mulki daga Ikko aka dire mana ita a Abuja, kullum sai an yi shela cewa an buɗe Gandun Namun Daji na Kurmi, wai ɗan ƙasa nagari shi ne mai kai iyalinsa yawon buɗe ido. Mai ɗakina Rakiya ta ji, ta sa ni gaba, ta ce shekara goma sha biyu da aure ban taɓa kai ta ko'ina ba sai asibiti.

Na shiga layin mai tun asuba da tsohuwar akori-kurata ta ɗaukar doya, ban fito ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muka ɗauki hanya daga unguwarmu Durumi. A bakin gandun an kafa wani ƙaton allo mai hoton zaki da giwa da raƙumin dawa. Mai zanen ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, don ko a zamanin kakanni ba a taɓa jin gurnanin zaki a kurmin nan ba. Wani maigadi mai suna Silas ya yanka mana tikiti, ya shige gaba, muka yi ta ratsa inuwar manyan itatuwa har awa biyu. Abin da muka gani shi ne ƙadangare biyu da wata akuya da ta ɓata hanya.

Rakiya ta ce, "Malam, wannan ƙadangaren ai irin na bayan ɗakinmu ne."

Na dubi Silas na ce, "Ɗan'uwa, ina dabbobin?"

"Oga, sun je break ne. Ka dawo next week."

"Yaushe suka tafi?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ya kai shekara uku."

Ni fa kurmin nan ba baƙona ba ne. Da can akwai wani ƙauye a cikinsa mai suna Kurmi, kuma na fi shekara goma ina zuwa sayen doya wurin Baba Yamusa, wani dattijon Gbagyi da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Shekara huɗu da suka wuce, Mai Girma Babban Jagoran Walwalar Namun Dawa, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya yi dogon nazari ya gano cewa Bature ba ya son ganin mutum a cikin daji. Sai aka kwashe ƙauyen kaf, aka kai su wani faƙo mil tara daga nan, inda ko geza babu, aka raɗa masa suna Sabon Kurmi. Ina wurin ranar da aka loda su a manyan motoci. Yamusa bai yi kuka ba, amma ni na yi.

Da muka fito daga gandun ina huci, sai na ce bari in biya ta Sabon Kurmi in ji labarin doyar bana, ko banza in fanshe man da na ƙona. Ban gama kashe mota ba na ji Rakiya ta kurma ihu. Wani jibgegen biri ya zuro hannu ta taga ya fizge ayabar da take ɓarewa. Na ɗaga ido, sai ga su nan birjik: kan rufin kwano, kan rumbu, kan bangon coci, wata ma tana zaune a turmi tana shayar da ɗanta. Gani ya kori ji. Abin da na biya kuɗi ban gani ba, ga shi a ƙofar gidan Yamusa kyauta har da ƙari.

Yamusa ya shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin wani ɗan mangwaro da ya dasa shekarar da suka zo, bana ne ya fara fure. Matarsa Mama Angelina ta kawo ruwa a kwano mai murfi, hannunta ɗaya riƙe da sanda.

Na ce, "Baba Yamusa, kiwon biri ka koma?"

Ya ce, "Mai Doya, su ne suna kiwon mu."

Ya warware mini zare da abawa. A ƙauyensu, tun kaka da kakanni, ba a kashe biri, ba a cin namansa. Kowane manomi kan bar kunya ɗaya ta masara a gefen gona, ta wajen daji, ba ya taɓa ta. Wannan rabon birai ne, su ci nasu su bar maka naka. Da aka kwashe mutane, birai suka zauna damina guda suna jiran masara, gwamnati ba ta shuka ba. Sai suka tattara 'ya'yansu suka biyo sawu.

Mama Angelina ta ce, "Ranar Lahadi ne, muna cikin coci. Mun fito mun same su a layi kan katanga. Wancan tsoho mai yagaggen kunne, na san shi tun ina amarya. Ya kalle ni kamar zai ce, haba Angelina, ko sallama?"

Muka yi dariya, amma dariyar Yamusa ba ta kai ciki ba. Ya shiga ɗaki ya fito da takarda mai hatimi. An rubuto cewa mutanen Sabon Kurmi sun yaudari dukiyar gwamnati sun ɓoye ta a gonakinsu, su mayar da ita cikin gaggawa ko a ɗauki mataki. Yamusa ya san ma'anar mataki, don ya taɓa ganin sa da taya goma. Tsoronsa ke nan, kada a sake tashin su. Ya haura sittin, ya gina ɗakunan nan uku da hannunsa, kuma sai bana ƙasar faƙon ta fara yarda da doyarsa bayan shekara uku yana jibga mata taki.

Kada ku ce hukuma ba ta yi ƙoƙari ba. An kafa kwamiti, kwamiti ya je har ƙasar waje ya ga yadda ake kama biri, ya dawo da raga da huluna masu faɗi. Watan jiya suka kama guda arba'in suka mayar gandu a babbar mota. A hanyar dawowa motar ta tsaya layin mai, ta kwana biyu. Ko da direba ya iso Sabon Kurmi ɗaukar kashi na biyu, ya tarar da na farkon sun riga shi, har sun ci sun sha suna ƙailula.

Muna cikin wannan hira sai ga jiniya. Motoci shida suka tsaya, Mai Girma da kansa ya fito cikin shadda mai maiƙo, da akawunsa riƙe da fayil, da wani Bature ja wur mai kyamara a wuya. Ashe baƙon ofishin jakadanci ne da aka kai gandu ya ga abin da muka gani, Silas ya ji tausayinsa ya nuna musu hanya. Bature ya ga birai ya rikice, ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki, yana ta ƙyas-ƙyas yana sambatu. Mai Girma ya dubi Bature, ya dubi birai, sai na ga fuskarsa ta washe. Ni kuwa na daɗe da sanin cewa in babban mutum ya yi tunani a tsaye, talaka ne zai kwana a waje.

Ya ce wa akawunsa, "Very simple. Ai gandu inda dabbobi suke, nan yake. Gobe a ciro allon can a kafa shi nan."

Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan basira sai ku."

"Kuma ka san doka, ba a zama cikin gandu. A ba su wata ɗaya."

Yamusa ya cire hularsa ya matso a hankali ya rusuna.

"Oga, ranka ya daɗe, ina da magana ƙarami. Tunda haka ne, a mayar da mu tsohon Kurmi. Birai za su bi mu da ƙafa, ba mota, ba mai. Bature ya ga biri, mu mu ga kabarin iyayenmu."

Na kasa riƙe bakina na ce, "Ranka ya daɗe, ai dattijon nan ya gama aikin kwamiti."

Mai Girma ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi ko ni wane ne. Na ce mai sayen doya. Ya ce to in tsaya a doya. Sannan ya juya ga Yamusa ya yi masa bayani da taushin murya, irin wanda ake wa mara lafiya. Wai tsohon Kurmi ya riga ya shiga taswira. Manyan ma'aikata na ta tahowa daga Ikko, kuma ba a bar su su kwana a mota ba, don haka an yanka wurin filaye tun bara, har an raba. Sai a lokacin na gane duwatsun siminti da na yi ta tuntuɓe da su a cikin gandun, ni da na ɗauka kujerun 'yan yawon buɗe ido ne. Su mutanen ƙauye kuwa an tanadar musu wuri mai kyau can gaba, za a kira shi Sabon Kurmi Na Biyu.

Mama Angelina ta ce, "To in sun sake bin mu fa?"

"Kwamiti zai duba."

Yamusa ya waiwaya. Ya dubi ɗakunansa, ya dubi gonar da ya gama tara wa kunya, ya dubi tsohon birin nan da ke zaune kan rumbu yana susa hankali kwance. Na san mutumin nan shekara da shekaru, ban taɓa ganin kafaɗarsa ta sauka haka ba, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ya ce, "Oga, su waɗannan, ba za a tashe su ba?"

"Ina! Su ai doka ta kare su. Wanda ya taɓa su sai gidan yari."

"To don Allah a taimake ni. Wannan takarda da ake rubuta sunan birai, a sa nawa a ciki, da na Angelina. Ba mu da cin yawa. In Bature ya zo, za mu zauna a kan rumbu."

Mai Girma ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa Bature, ya ce mutanen nan akwai ban dariya. Akawu ya rubuta a fayil cewa jama'ar gari sun karɓi shirin da farin ciki. Yamusa dai bai yi dariya ba, yana tsaye da hula a hannu yana jiran amsa har motocin suka tashi.

Muka kamo hanyar gida. Jiya da safe kuma na fito na tarar an shafa wa bangon shagona jan fenti, an ce mu ma Durumi mun shiga taswira. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Don haka duk wanda ya wuce ta layinmu ya hangi wani mai furfura a kan darbejiya, kada ya kira mahaukaci, kada kuma ya yi jifa. Ni ne, ina neman doka ta san da zamana.