Keken Cakulkulin Bashi Kangwa

"Ya mutanen gida, maciyin biri?" in ji Tikambenji, tana ɗaure ƙafafun wata zabuwa a rumfarta ta kasuwar Chipata.

"Lafiya lau, jikar mafarauta ɓeraye."

Ita Bangoniya ce, shi kuwa Bashi Kangwa Babembe, wasan da ke tsakanin ƙabilunsu gado ne tun kaka da kakanni. Dattijon ya jingine kekensa, ya yi ƙasa da murya.

"Gashin zabi nake so. Buhu guda."

"Tsafi ka fara da tsufanka?"

Ba tsafi ba ne. Shekara da shekaru, in ya dawo daga gona, matarsa Bana Kangwa kan ja masa gashin zabuwa a tafin ƙafa, ya yi ta ƙyaƙyatawa har gajiya ta sake shi. Tun da ta tafi Kitwe zaman jegon 'yarsu gidan ya yi tsit, shi kuwa girman kai ya hana shi cewa ta dawo.

"Inji zan ƙera," in ji shi. "In kifa keke, in jera gashin a taya, in miƙa ƙafa, in murza feda da hannu. Cakulkuli tun safe har faɗuwar rana!"

Tikambenji ta saki zabuwa ta riƙe ciki.

"Wayyo ni! Jama'a ku zo ku ga Babembe! Tun safe har yamma? Ai kafin tuwon masara ya nuna ka sheƙa lahira da haƙora a waje. Mu kuma mu zo makoki mu bulbule danginka da gari, yadda al'adar wasanmu take."

"Garin da za ki sato a gidana."

"Halalina ne! Kai bawana ne, kekenka ma nawa ne. Tsaya, ka taɓa gwada yi wa kanka?"

Ya sosa ƙeya. "Na gwada. Kamar ina share tsakar gida."

"To! Wanzami ba ya yi wa kansa aski a ƙeya. Hannun da ka san inda za shi ba ya ba ka dariya, ko da gashin zabi dubu ne."

"In haka ne sai in horar da biri."

"Ka cinye ɗalibin kafin ya gama koyon aikin."

"Ɓeranku fa? Ga wutsiya siririya."

"Namanmu ya fi ƙarfin kaushinka. Wannan faso naka ai sai ya yanke masa wutsiya."

Bai ankara ba ta zari gashi ɗaya ta ja masa a bayan kunne. Dattijo ya yi tsalle, ya ture keke, dariya ta kuɓuce masa har da hawaye. Masu tumatir suka hau tafi.

"Ka gani? Ba keke kake nema ba, mai ɗakinka kake nema. Girman kai rawanin tsiya."

Ya share ido da hula. "To in ce mata me? Tsoho da ni?"

"Kada ka ce komai. Gobe ƙanena zai kai zabi Kitwe. Wannan gashin zan ba shi ya danƙa mata a hannu. In ta san aikinsa, za ta nemi mota."

Bashi Kangwa ya ɗaga kekensa yana murmushi.

"Kin ci, 'yar ɓera. Amma ki zaɓo mai laushi, ta san bambanci."