Gemuna, Kawuna da Shugaban Kamfani

Ranar da abin ya same ni, tun safe nake layin mai. Rana ta take ina nan, ina tura babur taku-taku kamar mai rakiyar gawa. Da layi ya zo kaina na cika tanki, na ce yau kam sai aiki. Sai Shaiɗan ya raɗa min in biya shagon Lauya ya gyara min gefen gemu. Gefe kawai.

Bari in faɗa muku ko ni wane ne, kada ku ce na cika kuka a kan gashi. Kaya nake kaiwa a babur. Kamfanin nan da ke zaune cikin wayar kowa, wanda ake ciniki ta hannunsa, a yi hira ta hannunsa, a yi faɗa ta hannunsa, shi ke turo min aiki. Ban taɓa ganin mutum ɗaya daga cikinsa ba. Kullum safe manhajarsa takan ce in nuna fuska. Sai ta gwada da hoton da na ɗauka ranar da na fara. In ta yarda ni ne, ta buɗe. In ba ta yarda ba, babu aiki. A hoton nan ina da gemu. Ba na a-zo-a-gani ba ne, amma nawa ne.

Lauya mai aski ne. Bai taɓa taka kotu ba, gardama ce ta ba shi sunan. Na tarar da shi da Mai Faci na bakin shagon, rediyo a tsakaninsu. Wai manyan masu hannun jari za su zauna su duba ko a sauke shugaban Kamfanin a kawo wani.

"A sauke shi!" in ji Mai Faci. "Mutumin da ya kwashi dukiyar kamfani ya ƙera firij mai gaisuwa? Ka buɗe, ya ce maka ina kwana. Wa ya ce masa gaisuwa muka rasa?"

Lauya ya ɗaura min ƙyalle a wuya, ya kunna injin aski. "Kai dai taya ka sani. Ba a canza direba a tsakiyar gada."

"In direban gyangyaɗi yake fa?"

"Gyangyaɗin manya tunani ne."

"Lauya," na ce, "gefe kawai."

"Na ji, Shiru-Shiru. Tsayar da kanka." Ya juya wurin Mai Faci. "Bawan Allahn nan daga ɗaki ɗaya ya fara. Ɗaki ɗaya! Ka duba inda ya kai. Daga nan," ya ɗora inji a haɓata, "har can!"

Can ɗin kunnena ne.

Na duba madubi. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya daga haɓa zuwa kunne, ta fi duk titin unguwarmu santsi. Lauya ya ce, "Dama ya yi maka nauyi, mutumina." Ya kwashe sauran. Mai Faci ya sulale waje yana shafa nasa gemun, ko ruwa bai tsaya nema ba.

Na fito, na ɗaga waya, na nuna fuska. Manhaja ta yi juyi ta yi juyi, ta rubuto: "Wannan ba kai ba ne."

Na sake. Na shiga inuwa, na fito rana, na yi murmushi, na ɓata rai. Ba ni ba ne. Ga tanki cike, ga babur, ga ni, amma ba ni ba ne.

Na nemi wurin kai kuka. Akwai shi, Allah ya saka musu da alheri. Wani inji ne mai ladabi, ya fi 'ya'yan mutane da yawa tarbiyya. Na ce na aske gemu. Ya ce ya ji daɗin jin ta bakina. Na ce a canza min hoto. Ya ce abu ne mai sauƙi, in shiga shafina in canza. Na ce shafin ne ya ƙi buɗewa. Ya ce in nuna fuska zai buɗe. Na ce fuskar ce matsalar. Ya ce ya ji daɗin jin ta bakina. A ƙarshe ya tuna min, cikin ladabin dai, cewa shafin da ya daɗe a rufe soke shi ake yi, har da taurarin da masu kaya suka ba ni. Taurarin nan cikin rana da ruwa na tara su. Su ke sa a turo min aiki kafin a turo wa sabon shiga. In sun tafi, na koma ƙarshen layi. Ni kuwa na san layi.

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Nawa ma ba ni na yi ba, Lauya ya yi min.

Na tuna da mai mulkin garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Shi ya yanka ƙyalle ranar da Kamfanin ya shigo garinmu. Ya ce zaman banza ya ƙare, kowane matashi zai zama uban gidan kansa. A jawabin nan ne ma ya ce layin mai ya zama tarihi. Gaskiya ya faɗa, kullum safe muna karanta shi. Ya kuma buɗe wani ofis na kare haƙƙin irinmu. Na je. Motoci sababbi a jere, an lulluɓe su kada rana ta taɓa su. Mu ba a lulluɓe mu ba. Mai gadi ya ce manya suna taro a kan matsalolin matasa, in dawo. Na ce ni ne matsalar, ga ni na kawo kaina. Ya ce ba a shiga taro da matsala.

A gida Inna ta dube ni ta ce, "Ikon Allah, ka koma ranar da ka gama sakandare." Ta yi dariya, sannan ta ga babur a jingine da rana tsaka, ta daina. Ƙanwata ta ɗauko jagirarta.

"Yaya, zauna. Ni zan mayar maka da shi."

Ta zana min gemu, har da ƙawata shi. Na nuna wa waya. Ta rubuto: "Goge gilashin wayarka, akwai datti."

Washegari Lauya ya aiko min da ƙullin leda. Wai gashina ne ya share ya adana, in nemi gam. Na buɗe, na ga har da furfura. Ban san na wa ya haɗa min ba.

Aka koma jiran gemu. Ku da ba ku taɓa jiran gemu ba, ba ku san haƙuri ba. Kullum sai in shafa haɓa in ji ko an samu ci gaba. A rediyo kuwa muhawara sai ƙaruwa take. Masana sun kasu biyu. Wasu sun ce a kawo sabon jini. Wasu sun ce tsohon hannu ya fi sanin hanya. Wani mai tabarau a talabijin ɗin maƙwabta ya ce ai shugaba shi ne fuskar kamfani, ba a wasa da fuska. Na ce ranka ya daɗe, wannan kam ni zan ba ka labari.

Ana haka Kawu ya zo cin abincin rana, kamar kullum. Ƙanin Inna ne. Bai taɓa riƙe sana'a ba, amma ya iya zama. In ya zauna a kujera sai ka rantse tare aka ƙera su. Gemunsa baƙi ƙirin, yana taje shi kamar mai kiwon doki. Mutane sun sha cewa ni da shi kamar an tsaga kara.

"Ɗan nan, me kake ta kallo a wayar nan kamar maraya? Miƙo in gani."

Ya karɓa, ya ɗaga ta daidai hancinsa, yana neman inda ake dannawa. Waya ta yi ƙara. "Barka da dawowa."

Kawu bai iya ko keke ba.

Ban tsaya godiya ba. Na fizge waya, na sa hular kwano, na hau titi. Ranar na kai kaya har ƙafata ta yi tsami. Taurarina suna nan. Na ce da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Manhaja kullum safe take son fuska. Wani lokaci ma tsakar rana sai ta ce a sake nunawa, ina tsakiyar gari da kayan mutane a baya. Dole in juyo neman Kawu. Kawu kuwa bai daɗe ba ya gane matsayinsa.

Da farko shayi ya ce in riƙa zuwa masa da shi, wai fuska ba ta fita sosai in ciki babu komai. Sai ya ce ba a miƙa wa babba waya a tsaye. Na durƙusa. Sai ya fara tambaya.

"Jiya me ya sa ka tashi daga aiki da wuri? Sunana kake ɓatawa."

"Kawu, sunana ne a kai."

"Fuskar wa?"

Na ƙara masa shayi. Dama shiru sana'ata ce ta biyu.

Yanzu in zai je gaisuwa ni ke kai shi, a kan akwatin kaya, ƙafa a miƙe. A unguwa yana gaya wa mutane ya shiga harkar fasaha. Ya fara ba ni shawara a kan tuƙi. Rannan ya ce yana tunanin faɗaɗa harkar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na kai ƙara wurin Inna sai ta ce, "Haƙuri za ka yi. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski." Na ce Inna, a bar maganar aski a gidan nan.

Na tambayi Kawu ra'ayinsa a kan shugaban Kamfanin. Ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Kada a kuskura a taɓa shi. Ku yara kuna ganin kamar zama ba aiki ba ne. Ka san wahalar da ke cikin mutum ya tashi kullum da fuska iri ɗaya?"

To, jama'a, ga nawa ra'ayin, tunda kowa ya faɗi nasa. A sauke shi ko a bar shi, ba cinya ba ƙafar baya. In an sauke shi, da walima za a raka shi, a yi masa jawabi, a ba shi wata kujerar a ɗaki na gaba. In an kawo sabo, ba wanda zai tare shi a ƙofa ya ce wannan ba kai ba ne. Kamfani zai canza kai ɗungurungum a tafa masa. Ni gashin haɓa na rasa, kuma ba da son raina ba, aka rufe min ƙofa. Abu ɗaya nake roƙo. Tsoho ko sabo, a ɗauki hotonsa ranar da ya fara. Kullum safe ya tsaya bakin ofis ya nuna fuska. Ranar da kumatu suka ƙaru, ƙofa ta ƙi buɗewa, a haɗa shi da injin nan mai ladabi. Ina tabbatar muku kafin la'asar za a gyara.

Gemu dai ya dawo. Ya cika, ya fi na da. Na yi wanka, na taje shi, na tsaya a tsakar gida. Inna da ƙanwata suna kallo. Na ce yau Kawu zai sha shayinsa da kuɗinsa. Na ɗaga waya.

"Wannan ba kai ba ne."

Na koma wurin inji mai ladabi. Ya yi min albishir cewa manhajarsu mai koyo ce. Duk fuskar da ta gani ta yarda da ita, ita take riƙewa, ta manta ta baya. Wai wannan yana cikin manyan nasarorin shugaban. Ta ga Kawu safe da rana har ta haddace shi, da ɗan tabon da ke gefen hancinsa. Ni ta manta ni.

Da yamma rediyo ya ce manyan sun zauna, sun ci, sun sha, sun kafa kwamiti ya duba ko akwai buƙatar sake zama. Shugaba yana nan daram. Duk muhawarar nan da aka sha, mutum ɗaya aka sauke aka naɗa wani a gurbinsa. Ni ne.

Kwanakin baya ina dawowa daga kai kaya na hango Kawu a shagon Lauya, ƙyalle a wuya, inji na kuka. Mai Faci na tsaye a ƙofa yana cewa, "Kwamiti? Ai wannan tsoro ne!" Lauya ya fara ɗaga hannu. An ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Ban san sanda na yar da babur ba. Na riƙe hannun Lauya da hannu biyu, na ce a yi askin nan shiru, kamar ana zaman makoki.

Yanzu duk ranar askin Kawu ba na fita aiki. Ni ke raka shi, ni ke riƙe madubi, batirin rediyon Lauya kuma yana aljihuna. Don haka in kun ji an sauke shugaban, ku same ni gefe ku faɗa min a kunne. Kada wanda ya kai labarin shagon nan. Akwai gemun da iyali guda ke ci a ƙarƙashinsa.