Ƙyallen Inno Ya Zaga Gunduma Uku

Jama'a, ku yi mini afuwa, kalar wannan makon ta zo a makare. Ga wanda yau ya fara leƙo mu, ni ne Sabo, mutumin Garin Auta, gabas da Agiye, manomin gero da ƙaddara ta koya wa latsa kwamfuta. Duk mako nakan hau babur in je siba a Agiye, wato shagon da ake biya a shiga yanar gizo, in bi bayan masu rubutu in tsinto muku abin da ya zuba, kamar yadda mata ke kala a gona bayan an ɗaure dami.

To ranar Laraba sai man fetur ya yi ɓatan dabo. Masu sayarwa a kwalba suka ce an tsananta a iyaka, suka kife kwalabensu, gari duka ya koma gidan mai ɗaya. Tun hantsi nake layi har aka kira azahar. Da na iso gaba, mai zubawa ya dubi bido huɗu, wato jarkoki, da ke ɗaure a bayan babur ɗina, ya ɗaure fuska.

Ya ce, "Malam, ba mu saida ma masu ɓoyon mai."

Na ce, "Na ruwa ne. Shaƙa ka ji."

Ya ce ba shi da lokacin shaƙe-shaƙe. Da gaskiyarsa kuwa, don a daidai lokacin wata farar mota ta shigo ta ƙofar fita, jikinta duk hotunan ɗan takararmu, Mai Girma Gatan Talakawa, Inuwar Bayin Allah. Tano shida ne a bayanta, wato manyan duro, aka cika su fal, ba wanda ya ce a shaƙa. Ni dai na yaba. Zaɓe ya ƙarato, an ce za a mayar mana da mulki hannunmu, ga bawan Allah ya fara rage mana yawon banza tun bai hau ba. Sai bayan la'asar na samu lita biyu, na isa siba ana shirin rufewa, kuma kuran, wato lantarki, ya ɗauke sau biyu kafin shafi ɗaya ya buɗe.

Ga abin da na tsinto. Adireshin kowane shafi yana can ƙasa, kamar kullum.

Wani ɗalibin aikin gona ya rubuta yadda ake ajiye wake a buhu mai ruɓi uku, ba magani, ƙwari su mutu don kansu. Rubutu ne mai amfani, ku karanta. Abin da kawai ya manta shi ne inda za mu samo waken. Akwai kuma shafin da ya kawo hotunan wani taron ƙara wa juna sani kan tsimin ruwa, kwana uku, a otal mai wurin ninƙaya. Na ƙirga gorar ruwa bibbiyu a gaban kowane mahalarci. Allah ya saka musu, sun yi tsimi, da sun so ai da uku-uku ne.

Sauran shafukan kuwa sai na fara da tona wa kaina asiri, don ku gane dalilin da dattijo kamata ke yawo da bidon da ba nasa ba.

Mu a Garin Auta rijiyarmu tana da nisan tafiyar awa guda, zurfinta gaba arba'in. Mata suna da dokarsu a can: wadda ta riga zuwa ta ɗaura ƙyallenta a gwafar rijiya, ita ce ta farko, ko da ta koma gida ta dawo. Ba a taɓa jin wadda ta kwance ƙyallen wata ba. Wata biyu da suka wuce sai ga kamyo, wato babbar motar kaya, ya shigo garin ɗauke da sabon pampo shuɗi, irin na tuƙa-tuƙa, da mutane masu hula iri ɗaya. Suka ce Mai Girma ya ji kukanmu. Suka kafa pampon a kan katako a gindin gawo, suka ja tiyo daga wani tano da ke bayan kamyon, aka danna, ruwa ya zubo. Mata suka rangaɗa guɗa.

Kun san mu da karamci. Aka yanka akuya, kowa ya shiga ɗaki ya fito da kayan Sallah. Maƙwabciyata Inno, matar marigayi Gidaɗo, wadda rugarsu ke manne da danganmu, ba ta tsaya ado ba. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana bin hanyar rijiya ta san abin da ya fi ado. Ta yagi bakin tsohon zanenta ja mai ɗigo-ɗigon fari, ta ɗaura a hannun pampon da irin ƙullin da ake ɗaure maruƙa. Aka yi hotuna, aka ci nama. Sannan masu hula suka ce za su kai pampon a daidaita shi, mako mai zuwa a zo a haƙa. Suka loda shi da ƙyallen da komai. Makon nan har yau yana kan hanya.

Bayan kwana goma na ga hoton a shafin Mai Girma, an rubuta a ƙasa wai Garin Auta sun yi ban kwana da ƙishirwa. Na san ƙarya ce, da ƙishirwar na kwana. Amma jama'a, in kun ga yadda na fito! Farar shadda, hula a karkace, hannuna a kan pampo kamar ni na ƙera shi. Zuciya ta ce mini, Sabo, wa zai cutu? Na sa shi a kalar makon, har na ƙara da cewa a duba na tsakiya.

Makon jiya sai ga Abdurrahaman. Shi ma'aikacin wani furoje ne, wato shirin agaji, na masu haƙa rijiyar burtsatse ta gaske. Ƙauyuka goma sha biyu za su haƙa wa kafin damina, mu ne na huɗu, sau uku yana zuwa yana awo. Ya zauna a tabarmar ƙofar gidana, ya ƙi shan furar da aka kawo masa.

Ya ce, "Malam Sabo, an hidda ku daga lissahi."

Na ce, "Subhanallahi! Mi munka yi?"

"Kuna da pampo."

"Ina shi ke? Tashi ka gwada mani in sha."

Ya ce, "Ni na san babu, ƙahwata ta taka. Amma ni rahoto ni ka rubutawa, patoron namu kuwa, shugaban aikin, hoto ya gani. Gani ya kori ji."

Na fara zagin masu shafin Mai Girma, ya ɗaga mini hannu.

"Ba can ya gani ba. Patoron ba shi buɗa shahin 'yan siyasa, ya ce duk ƙarya ce. Naka shi ka karantawa duk sati. Ya ce kai ba ka da ƙumbiya-ƙumbiya."

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yabona na ji zazzaɓi ba sai ranar. Ya ce Alhamis ake rufe lissafin, in ba wata hujjar da ta fi hoton ƙarfi, shi ke nan sai wata shekarar, in akwai wata shekarar.

Magana ba ta kwana a Garin Auta. Da gari ya waye na buɗe ƙofa, sai ga bido a jere tun daga bakin zaurena har gindin masallaci. Na uku a layin na Lami ne, matata. A gaba kuwa Inno ce zaune a kan buzu, tana jan carbi.

Ta ce, "Sabo am, an ce ruwan na cikin akwatinka. Zuba muna, rana na yi."

Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban ga abin dariya ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, don tsohuwar nan da hannunta ta yi mini wankan jariri. Mata suka yanke hukunci a tsaye: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ruwan Inno ya koma wuyana, bido huɗu kullum a babur, har ranar da pampo ya tsaya a garin da ƙafarsa. Na goge hoton daga shafina, amma ihu ne bayan hari.

To da wannan zuciyar na zauna a siba ranar Laraba, na buɗe shafin Mushe Zakari, malamin lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauyen Gazawa. Yakan rubuta labarin ajinsa na zana da yadda akuya ke cinye masa bango. Wannan karon ya rubuta labarin wani baƙo da ya zo musu da hantsi ya tafi da la'asar, bai ko kwana ba, wato pampo shuɗi. Ya sa hoto. Na matsa kusa da gilashin har hancina ya taɓa shi. A hannun pampon akwai wani abu ja yana lilo. Na ce wa mai siba ya ƙara masa girma. Ɗigo-ɗigon fari, ƙullin maruƙa.

Nan take na buɗe shafin Malama Saliha, ma'aikaciyar jinya a wajen Cadakori, can gundumar Gidan Rumji. Rubutunta na wannan makon ba na dariya ba ne. Ta ba da labarin yara masu gudawa saboda ruwan tafki, a ƙauyen da aka ce an ba su pampo, ta kuma ɗora hoton bikin don a gani. Ku karanta shi, ku ba wani ya karanta. Ƙyallen na nan. Ya ɗan koɗe, tafiya ta yi tafiya, amma ƙullin bai motsa ba.

Daga nan na shiga shafin Mai Girma da kaina na yi ƙirga. Ƙauyuka tara ya shayar. A hoto bakwai ƙyallen Inno ya fito sarai, a sauran biyun kuwa babbar rigar wani ce ta rufe hannun pampon, wani Sabon ne na can garin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ni ban ce an yi ƙarya ba. Cewa na yi ba mu taɓa samun mai tattali irin wannan ba. Wasu sukan sayi pampo tara su lalace a rana. Shi kuwa guda ya saya, yana kula da shi, ba ya barinsa ya kwana a waje. In ya riƙe baitulmali haka, ko tsatsa ba za ta ci komai ba.

Na buga hotunan a takarda. Alhamis da sassafe ina ƙofar buron Abdurrahaman, wato ofishinsa, kafin mai gadi ya gama shara. Ya jera su a tebur, ya duba, ya sake dubawa, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya tura wa patoron. Muka zauna muna kallon waya kamar masu jiran haihuwa. Gab da azahar amsa ta zo: an mayar da Garin Auta. Sai dai gurbinmu na huɗu an riga an ba wasu, mun koma na goma sha biyu. In ruwan sama ya sauka da wuri, motar haƙa ba ta iya shiga hanyarmu. Ban taɓa zaton zan zama manomin da ke fatan damina ta ɗan jinkirta ba, Allah ya yafe mini.

Na koma gida na tara mata a gindin gawo na faɗa musu, na kai wa Inno takardun. Ta juya su, ta kai su kusa da ido, ta sa yatsa a kan ƙullin.

Ta ce, "Nawa ne. Ba wanda ya kwance?"

Na ce, "Ba wanda ya kwance, Inno. Gunduma ukku ya zaga."

Ta gyaɗa kai. "To mutanen can suna da kunya."

Sai Hauwa, matar mai gari, ta ce ai in na gasken ya zo sabon layi za a kafa, wancan ya bi kamyo. Inno ta ɗaga mata takardar.

"Hauwa, ga shi cikin intanet. Ko patoro ya yarda." Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zanenta, wajen da ya yage. Sannan ta dube ni. "Kai mai rubutu, rubuta. In pampon ya zo ban nan, Fadimatu jikata ta tsaya a layina. Kada a ce mata ba a sani ba."

Ga shi na rubuta, Inno, inda patoron ke karantawa.

Ku kuma masu karatu na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, in kun ga kamyo ya shigo muku da pampo shuɗi, ku karɓe shi hannu bibbiyu, baƙo ne, amma ku bar akuyar a turke, ku bar shaddar a akwati. Kada kowa ya taɓa jan ƙyallen nan. Duk cikin tawagar Mai Girma shi kaɗai ne ya riƙe alkawarin da aka ɗaura masa. Ni bari in tashi, akwai bido huɗu da ke jirana, kuma an ce mai ya sake ɓata.