Ƙwayar da Ta Rufe wa Gwiwata Baki

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Haɗa Magunguna na Lafau,
Duk Inda Ofishinku Yake.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka, da ta iyali, da ta ma'aikata, da ta injinan da ke buga ƙwaya, Allah ya ƙara musu mai. Ina neman afuwa da ban rubuta cikakken adireshi ba. Na juya kwalin maganinku gaba da baya, daidai inda sunan garinku yake sai na tarar mai kemis ya manna takarda a kai. Shi ya sa na ba jarida wasiƙar, ko Allah zai sa wata rana a naɗe maka tsire da ita ka karanta.

Sunana Ishiyaku, manomi a Kahu ta ƙasar Kibiya. Idan ka shigo garin ka ce Ishiyaku, mutum huɗu za a nuna maka. Ka ce Mai Gwiwa, ko akuya sai ta rako ka ƙofar gidana. Asalin sunan shi ne, shekara goma sha tara da suka wuce wani bajimin sa na huɗa ya ga ban kyauta masa ba, ya aiko mini da kofato a gwiwar hagu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗu, amma tun daga lokacin gwiwar ta samu wani ilimi da ni mai ita ba ni da shi. Duk sa'ad da ruwan sama ya rage kwana biyu ya sauka, sai ta fara magana. Idan yayyafi ne, ta ɗan yi tsami ta bari. Idan kuwa ruwan shuka ne na gaske, wanda zai ratsa ƙasa, sai ta kama ni tun daga ƙugu har babban yatsa, in kwanta ina salati. Ruwa na Allah ne, ba na ja da wannan, gwiwa alama ce kawai. Amma alamar ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Rediyo yakan ce ana sa ran ruwa a wasu sassan jiha. Waɗanne sassan? Gwiwata ba ta san jiha ba, Kahu ta sani, tana ɗan taɓa gefen Durba idan ta ga dama. Saboda haka da bazara ta yi nisa babu mai fito da iri daga rumbu sai an zo an gaishe ni. “Malam Ishiyaku, ya ƙafa?” Idan na ce da sauƙi, sai fuska ta ɓaci, a ce, “To, Allah ya kyauta,” a tashi. Idan aka tarar da ni ina murƙususu a tabarma, sai a yi hamdala, kowa ya nufi gida ɗauko sungumi. Har daga Madachi ta ƙasar Rano ana bugo waya a ji yadda na kwana.

Haka muke zaune lafiya, ni ina ciwo gari yana ci, har bana da 'yata Lubabatu, wadda ke aiki a wani asibiti a Rano, ta zo gida ta gan ni ina sallah a zaune, ƙafa a miƙe kamar taɓarya. Ta ce, “Baba, wai har yaushe?” Ta koma ta dawo da ƙwayarku, 'yar ƙarama mai ruwan ɗorawa. Daga nan ne koke-kokena suka samo asali, kuma ga su, cikin ladabi.

Na ɗaya. Maganinku yana aiki. Na nemi wata kalma mai sauƙi da zan faɗi wannan zargi da ita, ban samu ba. Mun saba da maganin da za ka sha kwana bakwai yana tunani. Naku ko rabin sa'a bai yi ba gwiwa ta yi tsit. Wa ya roƙe ku haka? Ba a yin abu da sannu-sannu ne a kamfaninku?

Na biyu. Na ɗauki takardar da ke cikin kwalin na kai wa Malam Muhyiddeen, mai koyar da kimiyya a sakandare, don ya fassara mini abin da kuka aikata a jikina. Ya ce idan wuri ya ƙwaru ko ya kumbura, jiki yana haɗa wani sinadari a wurin, shi ke tsokanar jijiya, ita kuma ta kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, sai mutum ya ji zafi. Ya ce akwai wani sinadarin kuma da aikinsa ke nan, ƙera wancan mai tsokanar, kamar dai maƙeri. Ƙwayarku idan ta narke ta shiga jini, sai ta je ta zauna a bakin maƙerar ta hana aiki. Na ce, “To, gwiwar fa, ta gyaru?” Ya ce, “Ina! Tana nan yadda sa ya bar ta, labarinta ne kawai ba ya zuwa.” Ranka ya daɗe, ashe abin da kuke yi ke nan? Gobara tana ci a bayan gida, ku kuka kama mai ihu kuka toshe masa baki. Ban ce ba dabara ba ce. Na san ofisoshi da yawa da haka suke aiki, ban dai zaci har an mayar da tsarin ƙwaya ba.

Shi Malam Muhyiddeen ɗin ma yana da nasa bayanin a kan gwiwata. Wai kafin ruwa nauyin iska yana raguwa, gaɓar da ta taɓa samun rauni sai ta ji a jikinta. Ni dai ban taɓa ɗaga iska na ji nauyinta ba, amma na bar masa, tunda shi ya yi karatun.

Na uku, kuma wannan shi ne babban. Takardarku ta lissafa illolin magani da ƙananan baƙaƙe: tashin zuciya, jiri, ƙwannafi, gyambon ciki, har da gargaɗi a kan ƙoda. Madalla da wannan gaskiya. Amma a wane layi kuka rubuta cewa yana iya hallaka irin gero na gida arba'in?

Ga yadda aka yi. Sati na biyu da fara shan ƙwayar, mutane suka zo gaisuwa ranar wata Lahadi. Na ce musu lafiya ƙalau, ko tsami babu. Kowa ya koma ya kwanta. Ranar Talata aka sheƙa ruwa irin wanda ake jira, mu kuwa ko huɗa ba mu gyara ba, wasu ma suna kasuwa. Mutanen Durba, da suka ga shamuwa ta iso suka yarda da ita, sun shuka, yanzu geronsu ya kai idon sawu. Mu shekara goma sha tara rabonmu da ɗaga kai mu dubi shamuwa.

Ni kuma da na ji ƙafa sakayau, sai ƙuruciya ta motsa. Na taka da ƙafata har Kibiya na dawo, abin da na manta yadda ake yi. Ban san cewa ƙwayar tana da lokacin tashi daga aiki ba. Ashe bayan wasu sa'o'i hanta tana farfasa ta, ƙoda ta tace ta, ta bi fitsari ta tafi abinta ba sallama. Da la'asar ƙwayar ta tashi, maƙeri ya koma aiki, ya tarar da aikin tafiyar Kibiya jibge yana jiransa. Gwiwa ta kama ni tun daga ƙugu har babban yatsa. Na ce ruwa ne, ruwan shuka, jibi-jibin nan. Gari ya fita kwansa da kwarkwata aka binne iri a busasshiyar ƙasa. Aka samu ɗan yayyafin da ya isa ya yaudari gero ya leƙo, sannan rana ta buɗe kwana goma sha ɗaya. Duk ya ƙone. Laifin wa ke nan, ranka ya daɗe? Ni dai abin da ƙafa ta gaya mini na faɗa.

Na huɗu. Ƙwayarku ba ta da adireshi, kamar ku. Na aike ta gwiwa, ta zagaye jiki duka. Ta ɗauke ciwon bayan da ya shekara takwas yana kare ni daga aikin gayya, yanzu ba ni da hanzari. Sannan Malam Muhyiddeen ya ce shi wancan sinadari mai tsokana, a ciki aikin kirki yake yi, shi ke sa tumbi ya yi shafen da ke kare shi daga tsamin da ke narka abinci. Kun hana shi aiki a gwiwa, kun hana shi a tumbi. Shi ya sa matata Jumai ba ta barin in haɗiyi ƙwaya sai na ci tuwo malmala biyu tana tsaye a kaina. Ba za ku iya koya wa ƙwayar nan bambanta gwiwa da tumbi ba ne? Ko jaki, in ya je gona sau uku, ya san hanya.

Na biyar. Kun buɗe ƙofar kasuwa ga 'yan na-iya. Da labari ya bazu cewa gwiwa ta lalace, kowane mai ciwo ya fito da hajarsa. Hammadu makiyayi ya ce kafaɗarsa tana ji, ya yi hasashen ruwa sau huɗu, aka samu guguwa sau ɗaya. Wata tsohuwa ta gabatar da haƙorinta. Abin ya kai shugaban manomanmu, Alhaji Ja'afaru, ya sa aka binciko jikan wancan san da ya harbe ni, aka same shi a wata ruga, aka jera majiya ƙarfi uku a bayansa, kowa ya naɗe wando ya miƙa gwiwar hagu. Tun hantsi suke tsokanarsa har azahar. Sa ya waiwayo ya dube su, ya ci gaba da tuƙa. Ɗayansu da ya matsa ƙwarai, kashi kawai ya samu a ƙafa.

Na shida. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, manoma suka zauna a kaina. Irin da ya rage a rumbuna shi ne na ƙarshe, idan ya bi na farko babu wani, ga lokaci yana tafiya. Alhaji Ja'afaru ya ce, “Malam Ishiyaku, ba ƙinka muke ba wallahi. Ka taimaka ka koma ciwonka, daga nan zuwa a gama shuka kawai.” Aka yi addu'a, aka karɓi kwalin daga hannuna, Alhaji ya sa a aljihun babbar rigarsa.

Ban yi musu ba, amma bari in gaya maka abin da na miƙa tare da kwalin, tunda su ba su tambaya ba. A cikin sati biyar ɗin nan na sa goshina a ƙasa. Shekara goma sha tara ina sallah a ƙarshen sahu, a zaune, ina sunkuyar da kai, yara suna tsallake ƙafata. Ranar da na fara yin sujada kamar kowa, na daɗe ban ɗago ba har na kusa da ni ya taɓa ni ya ga ko da rai. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Wannan ma laifinku ne. Da kun bar ni yadda nake, da ban tuna daɗinta ba.

Yau kwana uku rabona da ƙwaya. Ciwon ya dawo, amma ya dawo ba hankali. A da yakan zo ya tafi, ina gane tsami, ina gane zugi, ina karanta shi kamar allo. Yanzu kuwa ihu ɗaya yake yi tun safe har yamma, ba hawa ba sauka. Ban sani ba ko ruwa yake faɗa, ko tafiyar Kibiya yake ramawa, ko fushin an rufe masa baki ne. Da safiyar yau da na yunƙura zan tashi na kasa, na yi ƙara, maƙwabta suka ji ta katanga. Wata ta rangaɗa guɗa. Kafin hantsi ƙofar gidana ta cika, kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu, ana ta yi wa juna barka. Lubabatu ce kaɗai ta bugo waya ta ce, “Sannu, Baba.” Na yi ta tunani in tuna wani da ya taɓa ce mini sannu a kan ƙafar nan, ban tuna ba.

Saboda haka ina roƙon alfarma, ranka ya daɗe. Ku da kuka san maƙeri da maƙera, ku haɗa wata ƙwayar da za ta ɗauke zafi ta bar labari. In hakan ya fi ƙarfin injinanku, ku buga a jikin kwali da manyan baƙaƙe cewa duk wanda gari ke cin abinci da ciwonsa kada ya kusanci wannan magani. In wannan ma ya gagara, to a cikin ma'aikatanku ba a rasa mai lafiyayyar gwiwa da zai zo ya karɓe ni. Jikan san yana nan, mun san rugar.

Na so in jira amsarku kafin in ce wa mutane komai, amma iri ba ya jiran wasiƙa. Sun shigo har zaure, sun tsuguna, suna duban ƙafata ba fuskata ba. Alhaji Ja'afaru ya ce, “Ya ta ce?” Na dubi ƙwaryar irin da ke hannunsa, na dubi sama ta ƙofa, ba gajimare ko ɗaya. Na ce su je su shuka. Sun tafi da gudu, har da Jumai da namu irin, na ji wani yana cewa Allah ya ƙara wa gwiwa ƙarfi. Ni kaɗai na rage a gari, ni kaɗai kuma na san ban sani ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ɗaukaka kamfani, ya raba ka da ciwon da mutane za su amfana da shi.

Naka mai biyayya, daga kan tabarma, don tashi ya gagara,

Ishiyaku Mai Gwiwa,
Kahu, ƙasar Kibiya.