Labaran Ƙwallo a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa da shirin hantsin da na tsokani mutumin da ke kabari ba, duk Bauchi tana ji. Har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni mai gabatar da shirye-shirye ne a wani gidan rediyo. A lokacin ina ji da kaina sosai, don ko Keke Napep na shiga daga unguwar Ɗan Iya, da na ce "a sauke ni nan" sai direba ya waigo ya ce ya san muryar. Wata rana Manaja ya kira ni ya ce mutane suna gudu daga manyan shafukan sada zumunta, suna komawa wani sabon tsari da ba shi da mai gida ɗaya. Kowace jama'a da zaurenta, kuma mai riƙe da zaure yana iya rufe wa kowa ƙofa. 'Yan Bauchi ma suna da nasu, wanda wani malamin jami'a a Gubi, Malam Sabo, ya kafa. Manaja ya ce in shigar da gidanmu, in abin ya yi kyau ni zan shugabanci sabon sashen intanet. Kujerar nan kuwa na daɗe ina yi mata kallon kura da nama.

'Yan zauren ba su yi murna da mu ba. Wani ya rubuta cewa, "Saboda irinku muka yi ƙaura, kun kuma biyo mu?" Wata ta ce gidan labarai baki gare shi, ba shi da kunne. Malam Sabo ne ya tsaya mana, ya ce baƙo ba a korarsa tun bai zauna ba, a gwada mu.

Wannan ce muhawara ta ƙarshe da na karanta a zauren. Manaja ya ce, "Kada ka tsaya cacar baki da su, mu ba sa'anninsu ba ne. Zuba labarai kawai." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na saita na'ura tana kwaso kanun labaranmu tana zubawa da kanta, safe da yamma. Ni kuwa ina yawo a ofis ina cewa mun mamaye zaure (har sabuwar hula na saya saboda kujerar da ban hau ba).

Bayan 'yan watanni Manaja ya ce a yi shiri na musamman a nuna nasarar da muka samu, a gayyato mai riƙe da zauren. Ina jiran Malam Sabo sai ga wata mata ta shigo da hijabi ruwan toka, ta ce sunanta Malama Rabi. Ta makara, don haka ko gaisawa ba mu yi sosai ba aka kunna jar fitilar fara shiri. Manaja yana tsaye bayan gilashi yana murmushi.

Na gyara murya na ce, "Masu sauraro, aminin gidan nan Malam Sabo ya zama babban mutum, yanzu sai dai ya aiko wakiliya. Malam, in kana jinmu, mun ga girman kai!" Har da dariyata.

Ta dube ni kawai. Shiru a rediyo abin tsoro ne, na yi ta yi mata alama da hannu ta yi magana.

Ta ce, "Malam, Yaya Sabo ya rasu. Makon jiya muka yi addu'ar arba'in. Ni ƙanwarsa ce, ni ke riƙe da zauren yanzu."

Na sunkuyar da kai. Ita kuma ta ci gaba a hankali, ba faɗa.

"Al'adarmu a zauren, in ɗayanmu ya rasu, ranar ba a rubuta komai sai ta'aziyya. Kowa ya kiyaye, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Ku kaɗai kuka yi ta zubo sakamakon ƙwallo da farashin tumatir a tsakiyar addu'o'in mutane. An yi muku magana, an roƙe ku, ba amsa. Washegari jama'a suka yanke shawara aka rufe muku ƙofa. Tun ranar ba wanda yake ganin abin da kuke sawa. Na zo ne in faɗa muku a nan, tunda a nan kaɗai kuke ji."

Na ɗaga kai neman agaji, bayan gilashi ba kowa. Manaja ya sulale. Mai kula da na'urori ne ya tausaya mini ya saka talla.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo da rana. Manaja ya tara ma'aikata ya ce shi bai taɓa ganin sakaci irin wannan ba, ta yaya mutum zai shiga cikin jama'a bai saurare su ba? Mutumin da ya hana ni sauraron kenan. Na haɗiye, don mai neman abinci ba ya musu da mai ludayi. Kujerar aka ba wani, shirin hantsin ma aka karɓe.

Na je unguwar Gwallaga gidan su Malam Sabo na yi ta'aziyya, Malama Rabi ta amsa da mutunci. Da na ɗauko zancen buɗe mana ƙofa ta ce ba ita ta rufe ba, jama'a ne, kuma wanda yake roƙa mana su ya tafi.

Darasin dai na koye shi da tsada: kafin ka buɗe baki a cikin mutane, fara duba abin da ya tara su. Gidan rediyon ma ya taimaka mini kada in sake, don an mayar da ni karanta sanarwar rasuwa. Yanzu duk wanda ya mutu a Bauchi, ni nake fara sani.